Tafiyata Kwatano, birnin bakin teku

Ni ɗan Difa ne. Tun ina ƙarami, babban ruwan da na sani shi ne Komadugu. Da kaka yakan cika, mu yi wanka, manoma su shayar da tattasai. Da bazara kuwa sai ya janye, ya bar rairayi.

A hutun shekara ta 2019 kawuna ya tafi da ni Kwatano, a ƙasar Benin. Muka bi ta Damagaram, Maraɗi, Dosso da Gaya. Muka ƙetare gadar kogin Kwara, muka shiga Malanbil, muka wuce Paraku. Tafiyar ta fi kilomita 2000.

Mun sauka a unguwar Zongo, inda Hausawa suke da yawa. Mutanen gari kuwa Fon da Faransanci suka fi ji. Ko'ina ƴan kabu-kabu ne masu riguna rawaya, ana ce musu zemijan. A kasuwar Dantokpa sai da na riƙe hannun kawu, don kada in ɓace.

Washegari muka je bakin teku. Na duba, na duba, ban hangi ƙetare ba. Na ɗanɗana ruwan, sai na tofar.

«Kawu, wa ya zuba gishiri?»

Ya yi dariya, ya ce: «Haka ruwan teku yake, yaro. Ba a sha, ba a ban ruwa da shi.»

Sai ya nuna mini tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1965. Ana ta sauke shinkafa, sukari da motoci. Ya ce: «Nijar ba ta da teku. Buhun shinkafar da kake gani a kasuwar Difa, wata ƙila daga nan ya taso.»

Ban gane maganarsa sosai ba sai a 2023, da aka rufe iyakar Nijar da Benin. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, shinkafa ta yi tsada har a gidanmu.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa matafiyan suka bi?
2. Mene ne bambancin Komadugu da teku?
3. Don me shinkafa ta yi tsada a 2023?

Aiki: ku zana taswirar hanyar Difa zuwa Kwatano cikin littattafanku.