Yadda Ake Lura da Zafin Baƙin Mai a Motar Gudu

Yawancin direbobi agogon ruwa suke kallo. Da allura ta hau tsakiya sai su ce inji ya ɗumama, su taka totur. A motar gudu wannan ɗabi'a tana cin inji a hankali, domin ruwan lagireto yana riga baƙin mai ɗaukar zafi. Ruwa kan kai digiri 90 cikin 'yan mintuna, alhali mai yana nan da kaurinsa, bai fara ratsa lungunan inji yadda ya kamata ba. Ga shi kuma a motoci da yawa an saita agogon ruwa ya tsaya cak a tsakiya, ko zafi ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, don kada hankalin direba ya tashi. Ni dai na fi yarda da agogon zafin baƙin mai.

Da farko, gano inda motarka take nuna shi. Tsohuwar Porsche 911, wadda aka daina ƙerawa a 1998, ba ta shan ruwa, iska da mai ne ke kwashe mata zafi. Shi ya sa a cikin agogunanta biyar aka ware wa mai allura uku: ta zafi, ta ƙarfin matsi, da ta yawansa. BMW M3 ƙirar E46 ta sa nata a ƙasan agogon juyin inji, Nissan 370Z kuma ta ɗora shi a tsakiyar dashbod daga sama. Sababbin motoci kan ɓoye shi a cikin allo, sai an lalubo. Ka duba ma'aunin kuma: motar da aka shigo da ita daga Amurka da Farenhait take lissafi, inda 212 yake daidai da digiri 100 na Salshiyas, 250 kuma kusan 120.

Na biyu, ɗumama inji a kan hanya. Barin mota a sulo minti ashirin a ƙofar gida ba ya ɗumama mai da wuri, fetur kawai yake ƙonawa. Ka tayar, ka jira kamar rabin minti, ka tashi a hankali, kada juyin inji ya wuce 3,000 sai mai ya kai digiri 80. A M3 ɗin da na ambata akwai fitilu a gefen agogon juyi, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon ɗumamar mai, har su buɗe wa direba hanya zuwa juyi 8,000. Wanda motarsa ba ta da su, sai ya riƙe wannan tarbiyya da ƙafarsa.

Na uku, ka san lambobin. Daga digiri 90 zuwa 110 nan ne mai yake jin daɗin aiki. Kada ganin 100 ya firgita ka, domin a nan ne raɓar da ta taru cikin inji da ɗan fetur da ya zurara cikin mai suke ƙafewa. Motar da ba ta taɓa kaiwa nan ba, wadda kullum sai gajeriyar tafiya, ita ce za ka buɗe murfin manta ka tarar da farin kumfa kamar kindirmo. Haka ma motar da bakanike ya cire mata tamostat da sunan ƙasarmu akwai zafi. Wannan gyara ne da ba na goyon baya ko kaɗan. Daga 120 sai a fara sa ido. A 130 ka sassauta ƙafa. Mai na haɗin kimiyya ya fi na gargajiya juriya, amma shi ma idan ya doshi 150 ya kusa ƙurewa. Idan littafin kamfani ya ba da wata lamba daban, tasa za ka bi.

Na huɗu, ka haɗa zafi da matsi wajen karatu. Mai yana tsinkewa idan ya yi zafi, matsinsa ya ragu, siririn shimfiɗin da ke raba ƙarfe da ƙarfe ya ƙara sirancewa. Makanikan tsere suna da tsohon awo: kusan psi 10 a kowane juyi 1,000. Zafi na hawa, matsi na sauka, to inji na neman agaji. Jar fitilar nan mai siffar buta kuwa ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa. In ta kama, ka gangara gefe ka kashe nan take, in ba haka ba inji ya buga.

Idan zafi ne kaɗai ya hau, kada ka tsaya ka kashe farat ɗaya. Ka rage gudu, ka sa babbar giya, ka ci gaba da tafiya iska tana ratsa gaba har allura ta sauko. Mota mai tabo (turbo) ta fi buƙatar wannan, domin man da ya tsaya cikin tabo mai zafi yana ƙonewa ya daskare. Bayan ta huce ka auna yawan mai, ka leƙa ƙaramin lagireton mai ko ƙurar hunturu ta toshe shi. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda rana kan haura digiri 40, wannan dubawa ta zama dole.

Wanda motarsa ba ta da agogon, yana iya soka ƙaramar na'ura a kafar OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda doka ta wajabta a motocin Amurka tun 1996, ya karanta a waya, muddin injin na da sansa ta zafin mai. In babu, bakanike na iya sa faranti tsakanin filta da jikin inji, ya ɗaura sansa a kai, ya ja waya zuwa sabon agogo. Da an gama, ka yi mako guda kana rubuta abin da yake nunawa da safe, a cunkoso, da kan babbar hanya, don ka san lambar da motarka ta saba da ita.