BABI NA TARA: ƘERA ƘANANAN JIRAGEN RUWA MASU FILAFILAI DON SHA'AWA

9.0 Gabatarwa

Ɗan Adam yana da ɗabi'ar kwaikwayon manyan abubuwa ta hanyar ƙera ƙananan irinsu. A ƙasar Hausa yara kan haɗa motar kara ko ta langalanga, su yi mata ƙofofi da fitilu, suna gasar wanda tasa ta fi kama da ta gaske. A ƙasashen da ke bakin teku, musamman na Turai, irin wannan sha'awa ta bi mutane har cikin girmansu, ta zama fanni mai ƙa'idoji da ƙungiyoyi da mujallu. A wannan babi za a yi bayanin yadda ake ƙera ƙaramin samfurin jirgin ruwa mai filafilai, da tarihin aikin, da kuma dalilin da ya sa riƙon gaskiya ya zama ginshiƙinsa.

9.1 Ma'ana

Filafilai su ne manyan ƙyallayen da ake ɗaurawa a jikin turakun jirgi, wato dogayen itatuwan da ke tsaye a kansa, domin iska ta kaɗa su ta tura jirgin. Irin waɗannan jirage su suka riƙa ɗaukar fatake da mayaƙa a kan teku kafin injin tururi ya karɓe aikin a ƙarni na 19. Samfuri kuwa shi ne ƙaramin kwafin wani jirgi takamaimai, wanda aka rage tsawonsa da faɗinsa da kaurin kowane ɓangarensa bisa ma'auni guda. Wannan sharaɗi shi ya bambanta samfuri da abin wasan yara.

9.2 Taƙaitaccen Tarihi

Aikin ya daɗe ƙwarai. A shekarar 1920 Herbert Winlock ya gano wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, wani babban jami'in fada na tsohuwar Masar, kusa da garin Luksor na yanzu. A ciki an tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu, waɗanda suka kai kimanin shekaru 4,000. An raba su tsakanin gidajen adana kayan tarihi na Alƙahira da Niyok, kuma daga gare su masana suka ƙaru da sanin yadda ake tuƙi a kogin Nilu a wancan zamani.

A Ingila, daga tsakiyar ƙarni na 17, an riƙa ƙera samfuran jiragen yaƙi masu matuƙar kyau, ana barin ƙasansu a buɗe don a ga yadda aka jera haƙarƙarinsu. Da yawa daga cikinsu suna ajiye a gidan tarihin harkokin teku na Greenwich da ke Landan. Haka kuma, a lokacin yaƙe-yaƙen Faransa da Ingila, tsakanin 1793 da 1815, fursunonin yaƙi Faransawa da ke tsare a Ingila sun riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sassaƙa jirage da su, suna sayarwa a kasuwar kurkuku don su sami na kashewa. Da yake da ka suke aikin, ba su da zane a gabansu, sau da yawa sukan ƙara wa turaku tsawo ko su yawaita igwa fiye da kima. Saboda haka ana yaba gwanintarsu, amma masana tarihi kan yi taka-tsantsan wajen kafa hujja da su.

9.3 Ma'auni

Ana rubuta ma'auni da lambobi biyu, kamar 1:48 ko 1:96. Ma'anar 1:48 ita ce kowane abu a jikin samfurin ya kasance kashi ɗaya cikin 48 na asalinsa, wato rubu'in inci ya tsaya a madadin ƙafa ɗaya. Wannan shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi a tsofaffin samfuran Ingila. A bisa wannan lissafi, matuƙin jirgi mai tsawon mita 1.7 zai koma kimanin santimita uku da rabi.

Ga wani misali. Jirgin Cutty Sark, wanda aka ƙera a Sikotilan a 1869 don jigilar ganyen shayi daga ƙasar Sin, tsawon gangarsa ya kai kimanin mita 65. Idan aka rage shi bisa ma'aunin 1:96, samfurin zai kasance kimanin santimita 68. Igiyar da kaurinta ya kai santimita 5 a jirgin gaske za ta koma zare mai kaurin rabin milimita. Idan maƙeri ya yi ƙyuya ya sa zaren da ya ninka wannan kauri, to ya nuna wa mai kallo igiyar da babu matuƙin da zai iya damƙe ta da hannu. A nan ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe.

9.4 Kayan Aiki

Maƙeri yana buƙatar zanen jirgin mai nuna shi ta gefe da ta sama da ta gaba. Sai katako mai santsi marar manyan jijiyoyi, domin jijiyar da ba a lura da ita a jikin kujera takan fito ɓaro-ɓaro a jikin ɗan falankin da bai wuce faɗin tsinken ashana ba. Sauran kayan sun haɗa da ƙaramin zarto, da wuƙa mai kaifi, da magagari, da sanfefa, da matsefata, da gam, da fenti, da zare iri-iri, da kakin zuma wanda ake goga wa zare don ya kwantar da gashinsa. Wasu kan sayi kwalin da kamfani ya riga ya yanka ɓangarorin, su harhaɗa. Waɗanda suka ƙware kuwa sukan yanka komai da kansu daga zane.

9.5 Matakan Aiki

(a) Ganga: Hanya mafi sauƙi ita ce a sassaƙa gangar daga gungume ɗaya. Hanya ta biyu ita ce a kafa ƙashin bayan jirgin, a jera alluna a tsaitsaye a kansa, sannan a lulluɓe su da falankai. Ta uku, wadda ta fi wuya, ita ce a yi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi wa jirgin gaske. Kowace aka bi, dole ƙashin bayan ya miƙe sak, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

(b) Falankai: Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da yake katakon maƙeri busasshe ne, sai ya jiƙa shi ko ya turara shi, ya lanƙwasa shi da zafi, ya bar shi ya bushe a haka. Ana kuma rage faɗin falanki wajen goshin jirgi, saboda a nan gangar take tsukewa.

(c) Ƙananan abubuwa: Bayan an shimfiɗa daɓen sama, sai a yi sitiyari da anga da matakala da tagogi da ƙananan kwale-kwale, da igwa idan jirgin yaƙi ne.

(d) Turaku da igiyoyi: Igiyoyi iri biyu ne. Akwai na dindindin masu riƙe turaku, waɗanda akan shafa wa kwalta, don haka ake yin su da baƙin zare. Akwai kuma waɗanda ake ja a ɗaga filafilai ko a sauke su, su kuma launin igiya suke da shi. Tsanin igiya da matuƙa ke hawa kaɗai yakan ci ɗaruruwan ƙulli. Babban samfuri kan ɗauki watanni, wani ma shekaru.

9.6 Riƙon Gaskiya

Jirgi yakan sauya kama a tsawon rayuwarsa, saboda haka wajibi ne maƙeri ya tsayar da shekarar da yake son nunawa. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Victory ya shiga ruwa a 1765, amma sai a 1780 aka lulluɓe ƙasansa da fallayen tagulla don kare shi daga tsutsar katako. Wanda ya ce samfurinsa na 1765 ne, ya kuma manna masa tagulla, ya gauraya zamani biyu. Wanda kuma ya nuna shi a yaƙin Trafalgar na 1805 ba tagulla, shi ma ya kauce.

Bincike ma yakan rushe abin da aka daɗe da yarda da shi. Jirgin Vasa na ƙasar Suwidin ya nutse a tashar Sitokholm a tafiyarsa ta farko a 1628, aka tsamo shi a 1961. Shekara da shekaru maƙera suna yi masa fenti shuɗi da ruwan zinariya, har sai da aka duba ɓurɓushin fentin jikinsa da madubin ƙara girma, aka gano cewa ja ne ya rinjaya, tare da wasu launuka masu haske. Haka kuma a 2015 an sauya fentin Victory bayan an yi nazarin tsofaffin shafe-shafen da ke jikinsa. Maƙerin kirki yakan karɓi irin wannan gyara ko da ya saɓa wa abin da idonsa ya saba gani.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Jiragen katako suna ruɓewa, suna nutsewa, suna ƙonewa. Ko Cutty Sark da ake killace da shi a Greenwich sai da gobara ta yi masa ɓarna a 2007, ba a sake buɗe shi ga jama'a ba sai 2012. Yawancin jiragen wancan zamani babu ko tsinkensu a yau. Sau da yawa samfuri ne kaɗai shaidar da ta rage, kuma idan shaida ya ƙara gishiri, ya ɓatar da na baya.

9.7 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ƙera ƙaramin jirgi aiki ne da ya haɗa lissafi da sassaƙa da binciken tarihi. Ana auna darajar samfuri da yadda ya bi ma'auni da yadda ya dace da zamanin da aka jingina shi gare shi. Ɗalibin da ke shirin zama malami zai iya ɗaukar darasi a nan, domin duk kayan koyarwar da ya ƙera ya ajiye a gaban yara, abin da suka gani shi za su riƙe a matsayin gaskiya.

9.8 Tambayoyi

1. Bambance tsakanin samfuri da abin wasan yara.
2. Jirgi mai tsawon mita 48, nawa tsawon samfurinsa zai kasance bisa ma'aunin 1:96?
3. Me ya sa masana ke taka-tsantsan da samfuran fursunonin Faransa?
4. Kawo misalai biyu da ke nuna muhimmancin bincike ga maƙeri.
5. Yi amfani da waɗannan kalmomi cikin jimloli: filafilai, turaku, magagari, matsefata, ɓurɓushi.