Yadda Ake Koya wa Yaro Hawan Doki

Iyaye da yawa sai Sallah ta matso suke tunawa da doki. A ɗauko yaron da bai taɓa riƙe ragama ba, a naɗa masa rawani, a ɗora shi kan ingarma ranar hawan Daushe a Kano, ga ƙarar bindiga, ga tambari da algaita. Wannan ganganci ne. A ƙasa ake fara koyon hawa, tun Sallah tana da watanni.

Zaɓen doki shi ne farko. Ba a haɗa sabon mahayi da duƙushi. A nemi wanda ya manyanta, mai shekara 10 ko fiye, wanda ya saba da jama'a da ƙarar babur. In an samu ƙuru mai sanyin hali, ya fi. Masani ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, likitan dabbobi ma ya gan shi kafin a biya kuɗi. Uba kuma ya yi lissafi tun yanzu: harawa, dusa, hatsi, kanwa, da ruwan da kan kai lita 30 kullum, ya wuce haka lokacin bazara. Wanda aljihunsa ba zai ɗauka ba ya kai ɗansa gidan mai doki ya koya.

Daga nan sai turke. Yaro ya riƙa share shi, yana goge jikin dokin, yana kallon yadda ake duba kofato. A koya masa tunkarar doki ta wajen kafaɗa yana yi masa magana, kada ya bi ta baya, domin doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, in ya razana kuwa harbi zai yi. A nuna masa kunnuwa: in doki ya kwantar da su baya, gargaɗi yake yi.

Ranar hawan farko, a shimfiɗa zubka, a aza sirdi, a ja bauji sannu a hankali. Doki yakan kumbura ciki in ana ɗaure shi, don haka a ja shi ya ɗan taka, sannan a ƙara matsewa. A rage tsawon likkafa daidai ƙafar yaro. Takalmi mai dunduniya zai saka, ban da silifa, don kada ƙafa ta zarce ta maƙale. Hular kwano kuma dole ce; rawani ado ne, ba ya kare ƙoƙon kai.

Linzami shi ne inda na fi jin tsoro. Namu na gargajiya mai zobe yana da zafi ƙwarai, yaro kuwa da zarar ya ji zai faɗi, linzamin zai fizga. Bakin doki ya yi ciwo, ya ɗaga ƙafafun gaba, sai faɗuwa. Saboda haka a fara da ragama a hannun babba, yaro ya hau ta hagu ya dafa kwacciya, ana zagayawa da shi har ya iya zama a miƙe hannu sake. Sai an kai nan ake miƙa masa linzami, mai koyarwa yana tafe a gefe yana cewa, "Sassauta hannu, ɗana, bakinsa nama ne."

Tafiya, tsayawa, juyawa, sannan sassarfa. Sukuwa tana can ƙarshe, ƙaimi kuwa ba na yara ba ne.

In an dawo kilisa, yaron ne zai zagaya da dokin har gumi ya bushe kafin a ba shi hatsi. Doki ba ya iya amai, kuma ciwon ciki na kashe shi. Yaron da ya bi waɗannan matakai, in Sallah ta zo sai ya hau, da zagi riƙe da dokin tun daga ƙofar gida har a sauka.