Yadda Ake Sauya A-kori-kura Zuwa Babba Domin Jan Tirela Mai Nauyi

Mota ba ta ɓoye wahalarta. Idan ka maƙala wa a-kori-kurarka tirela ka ga bayanta ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, fitilunta na haska rassan bishiya da dare, to da magana. Haka nan in sitiyari ya yi sakayau a hannunka, ko allurar zafi ta riƙa hawa da zarar an fuskanci tudu, ko ka taka birki a gangare ka ji ana ingizo ka ta baya. Masu jan tankin ruwa zuwa wurin gini, da masu yawo da babban janareto, da manoman da ke ɗora ƙaramar tarakta ko injin casa a tirela, da masu kai dawaki wajen hawa, duk sun san waɗannan alamu. Abin da aka saba yi shi ne a shiga gareji a ƙara mata sifirin ɗaya ko biyu. Bayan zai miƙe, ido zai ga kamar an gyara, amma birkin na jiya ne, haka giyabos, haka shasi. Wanda kayansa suka fi ƙarfin motarsa babba yake bukata. Sai dai a ganina yawancin masu sayen babbar daga girman inji suke fara lissafi, alhali shi ya kamata ya zo daga baya.

Mataki na farko: je wurin sikeli kafin ka je wurin dillali. Kamfanonin casar shinkafa da wuraren fasa dutse da yawa suna da sikelin da mota ke hawa. Ka je da tirelar ɗauke da irin lodin da ka fi cika mata. A auna mota da tirela tare, sannan ka kwance tirelar a auna motar ita kaɗai, bambancin shi ne abin da kake ja. Ƙiyasin ido yana yaudara. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 3,000 tan uku ne cif, ban da ƙarfen tankin da na tirelar. A ce su ma sun kai kilo 900, kilo 3,900 ke nan. Hilux mai injin gas 2.8 da Ford Ranger irin waɗanda aka saba gani, ko a samfurinsu mafi ƙarfi, iyakar abin da kamfani ya yarje musu su ja kilo 3,500 ne, shi ma sai in tirelar tana da birkin kanta. In ba ta da shi, kilo 750 kacal. Dubi wannan tazara da kyau, domin da yawa daga cikin tirelolin da masu walda ke haɗa mana babu birki a jikinsu ko kaɗan.

Mataki na biyu shi aka fi tsallakewa, kuma a nan ake asarar kuɗi. Dillali zai gaya maka nauyin da mota ke iya ja, don shi ne adadi mai daɗin faɗa. Amma akwai adadin da ke riga shi ƙarewa, wato nauyin da motar ke iya ɗauka a jikinta. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kai. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da takardu biyu manne a wurin. Ɗaya tana nuna iskar taya da jimillar nauyin mutane da kaya da bai kamata a wuce ba. Ɗayar tana ɗauke da GVWR, iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, da GAWR, iyakar abin da aksul na gaba da na baya kowanne zai ɗauka. Sai GCWR, nauyin mota da tirela a haɗe, wanda a littafin motar aka fi samunsa. Amurkawa da laba suke awo, ita ce za ka ga an rubuta lbs. Raba adadin da 2.2, kilo zai fito.

Ga inda lissafin yake. Tirela ba bin mota kawai take yi ba, tana danna bayanta. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a kan ƙugiyar da ake maƙala ta. Tankinmu mai kilo 3,900 zai ɗora wa motar tsakanin kilo 390 da 585. Yanzu a ce takardar ƙofa ta ce laba 1,400, kimanin kilo 635. Direba da leburori huɗu, kowanne kilo 70, sun cinye 350. Haɗa da 390, ka sami 740. An wuce iyaka tun ba a jefa jarkar mai da jak da injin ban-ruwa a baya ba, ga shi kuwa a takarda motar tana jan tan huɗu da rabi.

Kada kuma ka ce za ka rage dannawar ta hanyar tura kaya zuwa bayan tirela. Duk wanda ya taɓa ganin amalanken da aka cika wa baya har jakin ya tashi sama ƙafafunsa na reto ya ga abin da zai faru. Tayoyin bayan mota za su rasa kamun ƙasa, da an ɗan yi gudu tirela ta fara kaɗa gindi hagu da dama.

Ka kuma bar rara. Shawarata kada lodinka ya wuce kashi 80 cikin ɗari na abin da kamfani ya rubuta. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, kuma injin da ba shi da tobo yakan rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Sannan ba duk adadin ja ne aka auna da mudu ɗaya ba. Akwai ma'auni na bai ɗaya da ake kira SAE J2807, Toyota ta fara aiki da shi a 2011, manyan kamfanonin Amurka kuwa sai wajajen 2015. Adadin motar da ta girmi haka, ka ɗan rage masa.

Mataki na uku, zaɓen ajin mota. In damuwarka kayan da kake zubawa a bodi ne, kuma tirelarka ba ta kai tan uku ba, Land Cruiser 79 za ta rufa maka asiri, tana ɗaukar kaya, makanikai sun san ta. Amma ko mai injin V8 4.5 ba ta wuce kilo 3,500 wajen ja ba. Daga nan sai 'yan Amurka. Toyota Tundra mai injin fetur 5.7, wadda aka yi daga 2007 zuwa 2021, tana ja har kimanin kilo 4,500 in tana da kayan ja na kamfani. Ita da Ford F-150 da Ram 1500 aji ɗaya suke, ƙarfin ja akwai, amma irinsu ne lissafin ɗazu yake kamawa. Wanda kullum yake jan tan huɗu ko fiye, tare da ma'aikata cike da mota, ya hau ajin gaba: Ford F-250, Ram 2500 ko Chevrolet Silverado 2500HD. Shasinsu ya fi kauri, birkinsu ya fi faɗi, abin da suke ɗauka a jiki yakan kai tan ɗaya ko ya wuce, nauyinsu kuma yana hana tirela ta riƙa juya su. Su ne suka dace da tirela mai dogon wuya wadda ake ɗaurewa a tsakiyar bodi bisa aksul na baya. Irin wannan ta fi natsuwa a hanya, amma takan ɗora wa mota kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta.

Mataki na huɗu: gas ko fetur? A nan ne zuciya kan rinjayi hankali. Injinan gas na Amurka, Power Stroke 6.7 na Ford, Cummins 6.7 na Ram, Duramax 6.6 na Chevrolet, ba su da na biyu wajen ja. Sai dai don man gas mai ƙarancin sinadarin sulfa aka ƙera su, kashi 15 cikin miliyan. Tun wajajen 2008 suna da matatar hayaƙi da kan toshe, na baya-bayan nan kuma suna shan wani ruwa na musamman, AdBlue ko DEF, wanda in ya ƙare kwamfutar motar za ta rage mata gudu. Famfon mansu ba ya yafe gas mai ruwa ko wanda aka gauraya da kananzir, gyaransa kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. F-250 mai injin fetur 6.2 ba ta da waɗannan rigingimu, kuma da yake injin ya fi sauƙin nauyi, takan ɗauki kaya fiye da 'yar'uwarta mai gas. Aibinta shan mai, wanda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba abin rainawa ba ne. Duk da haka, ga mai aiki a ƙauyuka inda bai san asalin man da zai sha ba, ita na fi yarda da ita.

Kafin ka yanke, ɗauki sunan motar da shekararta ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tambayi takalmin birki, filtar mai, famfon ruwa, boris na taya. In kowa ya ce sai an aiko daga kasuwar Ladipo ko daga waje, ka san kwana nawa motar za ta riƙa yi a gareji. Ka kuma nemi makaniken da ke da na'urar karanta kwamfutarta.

Mataki na biyar, duba motar kanta, tunda galibi ta hannu ce. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, za ta buɗe maka tarihinta a shafin Carfax: ko ta yi hatsari, ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Araha ba ta ado, wadda ruwa ya shiga wayoyinta ba ta daina ba da mamaki. Shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. Jihohin arewacin Amurka suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, yana cin shasi, musamman can baya inda ƙugiya ke ɗaure. In ka ƙwanƙwasa ɓawon tsatsa ya zubo, ko ka ga sabon baƙin fenti a wuri ɗaya kawai, ja da baya. In giyabos yana da sandar awo, zaro ta ka shinshina. Man ya zama ja mai haske, in ya yi baƙi yana ƙauri, an wahalar da shi. Tabbatar akwai ƙaramin lagireto mai sanyaya man giya. Takardun kwastan su dace da lambar shasi, lasisinka kuma ka tambayi ofishin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ko ajinsa ya ɗauki wannan nauyi.

Mataki na shida, haɗa mota da tirela. Ƙugiya a shasi ake ɗaure ta da kusoshi masu ƙarfi, ba a bamba ba, kuma ita ma akwai iyakarta rubuce a jikinta. Ƙwallon ƙarfen da tirela ke hawa kansa yana da girma daban-daban. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi gani inci 2, wato milimita 50.8, sai babba mai inci 2 da 5/16. Ido ba zai raba na farkon biyu ba, amma bakin tirelar Amurka a kan ƙwallon Turai yana zama sako-sako, ramin titi ɗaya na iya fizge shi. Sarƙoƙi biyu za ka sa, ka gicciya su a ƙarƙashin wuyan tirelar don su tallafe shi in ya kuɓuce.

Birkin tirela ba a cinikinsa. Ko mai aiki da lantarki, wanda ke bukatar na'urar sarrafawa kusa da direba, ko mai kama kansa idan tirela ta turo mota. In taka ba ta da ko ɗaya, sa kuɗin sauya aksul ɗinta cikin kasafin sayen motar tun farko. Soket ɗin fitilun Amurka da na Turai ba su shiga juna, mai wayarin ya daidaita su har sigina da jar wuta su kama. Tayoyi su zama masu alamar LT, ka karanta nauyin da aka rubuta a gefensu, ka auna iska da safe kafin su yi zafi.

Mataki na ƙarshe, fitar gwaji. Jera kaya yadda kimanin kashi 60 cikin ɗari zai kasance gaban aksul ɗin tirela, ka ɗaure tam. Tankin ruwa ko dai a cike ko wayam, domin rabin tanki yana tambal-tambal, in ka taka birki ruwan ya bugo gaba ya ingiza ka. Koma kan sikeli ka ga abin da aksul na baya ya ɗauka. Nemi fili ka koyi ribas da kwana, doguwar mota ce yanzu, kwanarta na son wuri. A hanya danna maɓallin ja na giya, wanda aka rubuta wa Tow/Haul. A gangare irin na Hawan Kibo sauko da giya tun daga sama inji ya riƙe motar, birki kuwa taka-saki, kada ka kwanta a kansa har ya ƙone. In tirela ta fara lilo, cire ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, ka matsa birkin tirela da hannu in mai lantarki ne. Bayan kilomita 50 na farko ka tsaya, ka sake ɗaure notocin taya, ka duba sarƙa da igiyoyi, ka kai bayan hannunka kusa da cibiyar kowace tayar tirela. Wadda zafinta ya fi na sauran, boris ɗinta ko birkinta na neman makanike kafin a ci gaba da tafiya.