Ƙumbar da Ta Zama Dutse

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi a bakin gulbi kamar mu na Jega ya san ƙumba, wadda iyayenmu mata ke kankare tukunya da ita. To, akwai wata irin ƙumba da ba a gulbi ake samunta ba, sai a kan tudu, cikin farin dutse, inda ko tafki babu. Ina da guda 9 a akwatina, waɗanda na tsinto a Dange lokacin hutu.

Yaya aka yi ta je can? Masana labarin ƙasa sun ce kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ya ratso Sahara ta Mali da Nijar, ya kwanta a ƙasar Sakkwato. Halittun cikinsa in sun mutu sai su nutse, laka ta binne su. Da tafiya ta yi nisa ruwa ya janye, lakar ta daskare ta zama dutsen farar ƙasa. Akwai ma abin da ya girmi wannan: ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, wadda aka bayyana a 1930, aka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972, watau sunan Goronyo ta ci.

Ganewa ita ce aikin. Da fari a auna a hannu: ta dutse ta fi ta gulbi nauyi nesa ba kusa ba. Sau da yawa ma ɓawon ya narke tuntuni, abin da ya rage shi ne lakar da ta cika cikinsa ta ɗauki siffarsa, kamar tubali da ya fito daga ma'auni. Sa'an nan a dubi gefe. In ɓari biyu ne daidai wa daida, da layuka masu zagaye, ƙumba ce. In ta murɗe, dangin katantanwa ce. Wadda na fi so kuwa wata 'yar dunƙulalliya ce mai zanen tauraro mai reshe 5 a bayanta. Wannan ba ƙumba ba ce, bushiyar teku ce, wadda ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri. Ita ce shaidata in yayana ya ce ambaliya ce kawai ta kawo su.

Kowace na naɗe ta a takarda, na rubuta wuri da rana, don in babu wannan ta koma tsakuwa kurum.

Irin wannan dutse ne ake fasawa a Kalambaina ana niƙawa a yi siminti, da ƙumbar da komai. Saboda haka ku na Aliero da Maiyama, in an haƙa rijiya a garinku, ku tona tulin ƙasar da aka fitar, abin da kuka gani ku kawo wa malamin labarin ƙasa. Iyaye kuma muna roƙo, in kun ga duwatsu a aljihunmu, a tambaye mu kafin a watsar.