Ɗan Mai Tireda Ma Yana Iya Zama Barista

Duk lokacin da mai shago ya ba ɗayanmu notis, ko 'yan sanda suka tsare mana yaro, sai mu shiga neman lauya a garin da ba yarenmu ake yi ba. To me ya hana 'ya'yanmu su zama lauyoyin?

Maganar tana farawa ne tun daga aji huɗu na sakandare, lokacin zaɓen darussa. Mai son karatun lauya dole ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma jami'o'i da yawa suna neman Lissafi. Adabin nan shi ne yaranmu ke yarwa wai littattafan sun yi yawa, sai an zo cike JAMB a tarar ƙofa ta rufu. Alhaji, Hajiya, ku tambayi yaro yau: kana ɗaukar Adabi?

Jami'a shekara biyar ce. Daga nan sai shekara ɗaya a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962. Hedikwatarta tana Bwari a Abuja, tana da rassa a Legas da Inugu da Yola da Bagauda ta Kano da sauransu. Wanda ya ci jarabawarta ake rantsarwa, a sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. A Ingila aikin barista daban, na lauyan rubuta takardu daban. A Najeriya mutum ɗaya ke yin duka.

A nan ne a kula sosai. Kowace jami'a akwai adadin ɗaliban da aka yarje mata ta tura makarantar lauyoyi a shekara. Wasu suna ɗibar fiye da ƙa'ida, yaro ya gama digiri ya zauna gida yana jiran layi. Kafin ku biya ko kwabo, ku bincika ko hukumar ilimin lauyoyi ta amince da sashen. Mai son haɗawa da Shari'ar Musulunci kuwa, akwai ABU Zariya da Bayero da Ilori.

Kuɗi fa? Shekarar ƙarshen nan ta fi cin kuɗi: kuɗin makaranta, baƙaƙen kaya, hular gashi da alkyabba. A fara adashi tun yaro yana aji uku a jami'a. A nemo masa takardar ƙaramar hukuma daga gida da wuri, don tallafin jiha ba ya samuwa sai da ita. Akwai kuma bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu ruwa a kansa.

Marigayi Gani Fawehinmi, ɗan Sarkin Musulmin Ondo, mahaifinsa ya rasu yana tsakiyar karatu a Landan. Da wankin bayi da shara ya ƙarasa, aka rantsar da shi a 1965. 'Yan mata ma an share musu hanya: a 2017 an hana wata ɗaliba shiga rantsuwa saboda hijabi, a 2018 aka rantsar da ita da hijabinta.

Gaskiya ɗaya kada mu ɓoye wa yaran: albashin sabon lauya a ofishin wani ɗan kaɗan ne. Kada ya sa hula yau, gobe mu ɗora masa kuɗin hayar gida. A ba shi shekara biyu ko uku ya tsaya da ƙafarsa.