Amsar Tambaya: Kotun Ƙolin Faransa Za Ta Saurari Sababbin Shaidu?

Tambaya: Ɗan'uwana ya faɗi a ƙarar haya da ya ɗaukaka a Faransa. Zai iya kai sababbin shaidu kotun ƙoli?

Amsa: Malam, Allah ya kawo mafita. A gaskiya ba zai iya ba. Kotun ƙolin, wato Kotun Kasasiyo da ke Paris, wadda asalinta ya koma 1790, ba ta sake binciken abin da ya faru. Aikinta ta duba ko alƙalai sun bi doka daidai. In ta ga kuskure, takan soke hukuncin, galibi ta mayar da shari'ar ga wasu alƙalai su sake sauraro. Wa'adin shigar da ƙarar farar hula wata 2 ne daga ranar da aka sanar da shi hukuncin. Ya hanzarta neman lauyan da ke da izinin tsayawa a wannan kotu.